Kundin gwajin askar reza ta ƙarfe marar tsatsa

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na buɗe wannan kundi ne saboda na lura cewa da zarar fata ta warke sai mutum ya manta da abin da ya jawo mata ciwo, ya sake komawa gidan jiya. Shekara huɗu ke nan ni da kaina nake aske kai da ƙasan wuyana duk bayan kwana uku ko huɗu. Gemu ba na taɓa shi, sai dai in gyara masa iyaka a kumatu. Abin da nake aiki da shi shi ne askar nan mai kariya, wadda ake kwance ƙotarta, a ɗora reza mai baki biyu tsakanin murfi da farantin ƙasa, sannan a sake ɗaurewa. Tsohuwar dabara ce, domin tun 1904 King Camp Gillette ya sami rajistar mallakarta a Amurka, kuma siffar rezar ba ta sauya sosai ba tun daga wajen 1930, shi ya sa rezar da ake sayarwa a teburin mai shayi takan zauna daram a askar da aka ƙera a Japan.

Tsohuwar askata ta mutu a watan jiya. Ta suɓuce daga hannuna mai sabulu ta faɗi a kan tayil, ƙusar da ke tsakiyar murfin, wadda ƙota ke ɗauruwa a kanta, ta karye daga gindi. Da na duba wurin karayar sai na ga ƙyallin nan duk fenti ne kawai, cikinsa wani ƙarfe ne mai launin toka mai gari-gari. Zamak ake kiransa, haɗin zinki ne da alminiyam da ɗan magnisiyam da jan ƙarfe. Yana da sauƙin zubi, shi ya sa yake da araha, amma ba ya jure faɗuwa, kuma idan rufin ya ɓare ruwa yakan ci shi daga ciki. Wannan ne ya sa na yanke shawarar komawa ga ƙarfe marar tsatsa, irin wanda a kasuwar kwanuka muke kira silba ko da yake babu azurfa a cikinsa.

Askoki uku ke gabana. RazoRock Game Changer mai lamba .68 ita ce tawa, ƙanena ya taho mini da ita daga Kanada, ta ci kusan dala 60. Rockwell 6S aro ce daga wani abokin aikina. Feather AS-D2 ita ma aro ce, daga wani dattijon maƙwabcina wanda ya saye ta bai yi aski da ita ya kai sau biyar ba. Na yi alkawarin mayar musu kafin ƙarshen Disamba, na kuma wanke su da tafasasshen ruwa da sifirit kafin su taɓa fatata.

Sauran kashe kuɗi: rezar Astra guda ɗari a kan dala 10, alam irin na tace ruwa na naira 300, sabulun salo na naira 1,000, man kaɗe kuwa akwai shi a gida. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne reza iri ɗaya a dukkan askokin, sabuwa a kowane aski na farko, kuma zagaye biyu kawai. Zan riƙa rubuta yawan yanka, zafin da alam ya yi idan na shafa shi bayan aski, lokacin da kaushi ya dawo, da yawan ƙurajen da suka fito bayan kwana biyu.

4 ga Nuwamba

Ban yi aski ba, auna kaya na yi. A ma'aunin kicin Rockwell ta ba da giram 118, Feather ta tsaya a wajen 90, tawa kuma tana tsakaninsu. Rockwell tana zuwa da faranti uku, kowane ana kifa shi ta fuska biyu, sai ya zama matakai shida, R1 zuwa R6. Bambancinsu shi ne gibin da ke tsakanin bakin reza da sandar kariya, daga milimita 0.20 a R1 har zuwa 0.79 a R6. Lambar .68 da ke jikin tawa ita ma gibin ce. Sai dai gibi ba shi kaɗai ke nuna zafin aska ba. Akwai yadda bakin rezar ya leƙo ko ya ɓuya idan aka ja layi daga murfi zuwa sandar kariya, akwai kuma yadda murfin ya lanƙwasa rezar ya danne ta kusa da baki don kada ta yi rawa. Wannan na ƙarshen ana iya ganinsa da ido idan aka ɗaga askar sama a hasken taga.

Na kuma ɗauko maganaɗisun da yara ke liƙawa a jikin firji. Bai kama ƙotar Game Changer ba, amma ya fizgi rezar tun daga cikin takardarta. Dukansu ana ce musu marasa tsatsa, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Askar an yi ta da nau'in 316L, mai kuromiyam kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, nikel 10 zuwa 14, da molibdenam 2 zuwa 3, wanda ke taimaka masa jure gishiri. Rezar kuwa ana buƙatar ta yi tauri ta riƙe kaifi, don haka kabon ɗinta ya fi yawa, juriyarta ga tsatsa kuma ta fi ƙasa.

5 ga Nuwamba

Game Changer, aski na farko. Zagaye ɗaya na bi kwanciyar gashi, na biyu na gicciya. Yanka ɗaya a bayan kunnen dama, kuma laifina ne, domin hannuna ya saba da tsohuwar aska marar nauyi wadda sai an danna. Wannan nauyinta kaɗai ya isa. Alam ya ɗan yi zafi a ƙeya. Kaushi ya dawo washegari da la'asar.

8 ga Nuwamba

Game Changer karo na biyu, kafin tafiya masallaci. Babu yanka. Ƙuraje biyu ƙanana daga askin baya a gefen maƙogwaro, na kauce musu.

12 ga Nuwamba

Game Changer karo na uku, daidai da na baya. Kanta siriri ne, yana shiga lungun bayan kunne ba tare da na naɗe kunnen sosai ba.

15 ga Nuwamba

Na koma kan Rockwell da farantin R3. Nauyinta yana da daɗi a tsakar kai, inda kawai nake jan ta tana bin ƙashi, amma kanta ya fi kauri, kuma gashin kwana uku da kumfar sabulun salo sun sa sai na riƙa ɗauraye ta bayan kowane ja biyu. Babu yanka, alam bai ce komai ba. Askin bai kai na Game Changer kwanciya ba, domin da magariba na shafa kai na ji alamar tsiro a wurin da gashi ke juyawa a tsakar ka.

19 ga Nuwamba

R4. Wannan ya yi kusa ƙwarai da abin da nake samu a askata, har idan aka rufe mini ido aka ce in shafa ba zan bambance ba.

22 ga Nuwamba

Yau na karya sharaɗina da kaina, kuma ina so in rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla tun kafin in fara nema wa kaina uzuri. Akwai ɗaurin auren 'yar yayana bayan Juma'a, na so kaina ya yi sumul irin wanda wanzamin unguwarmu ke yi wa mahaifinmu muna yara, wanda idan ya gama ya shafa ruwa sai ka ga rana tana wasa a kai. Na ɗora farantin R6, na sa sabuwar reza, na yi zagaye biyu kamar kullum, sai na ƙara na uku ina saɓa wa kwanciyar gashi, daga ƙeya zuwa sama, daga ƙasan wuya zuwa haɓa. Ban tsaya nan ba, na riƙa jan fatar da yatsun hagu tana miƙewa domin rezar ta kai ga tushe. Babu ko ɗigon jini. Santsin da na samu ban taɓa samun irinsa da hannuna ba, auduga ma ba ta maƙale ba da na goga. Amma da na ɗora alam sai da na dafe bango, wuyan ya ɗauki zafi kamar an watsa yaji. Na sa hula na tafi ɗaurin aure ina jin kaina sabo.

25 ga Nuwamba

Na ƙirga ƙuraje goma sha bakwai da taimakon madubi biyu: goma sha ɗaya a ƙeya, daidai inda bakin hula ke zama, shida a ƙasan wuya. Uku sun yi ruwa. Wuyan riga idan ya goga sai in ji kamar ƙaya. Da na haska da fitilar waya na matsa kusa da madubi, na ga a cikin wani ƙurji baƙin gashi ya lanƙwashe kamar ƙugiya, tushensa a waje ɗaya, tsininsa ya koma ya soki fata a gefe.

Mai ɗakina ta duba ƙeyar ta ce, "Malam, wannan santsin na yini ɗaya ai ya yi tsada." Ban ba ta amsa ba.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Gashinmu murɗaɗɗe ne, ramin da yake fitowa ma a lanƙwashe yake. Idan aka miƙar da fata aka yanke shi, da an saki fatar sai guntun ya nutse ƙasa da bakin rami da tsini mai kaifi, yana girma yana lanƙwasa, ko dai ya huda bangon ramin tun yana ciki, ko ya fito ya juyo ya shiga fata. Jiki kuma yakan ɗauke shi kamar sartse ya kumbura a kansa. Shi ya sa ƙurajen aski suka fi damun baƙar fata, kuma shi ya sa tun farko na guje wa askar roba mai baki uku ko biyar, wadda bakin farko ke jan gashi na bayansa su yanke. Na gudu daga wannan, sai ga shi na yi wa kaina aikinta da hannu.

27 ga Nuwamba

Na je asibiti saboda ukun da suka yi ruwa. Likita ta ce in ajiye aska gaba ɗaya har sai sun kwanta, in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi safe da yamma, kada in matse, kada kuma in tumɓuke gashin da ya shige, domin sabon da zai fito zai sake shigewa. Ta rubuta mini man shafawa. Kati da magani sun ci naira 6,500, wanda na rubuta a lissafin gwajin nan, tunda shi ya jawo. Hula na koma sa mai laushi.

1 ga Disamba

Babu aski. Ƙurajen sun fara bushewa, sun bar baƙaƙen tabo.

3 ga Disamba

Wata sabuwa ta ɓullo. Tun ranar ɗaurin aure na bar askar Rockwell ta aro a kan tagar banɗaki da rezar a ciki, ko ɗaurayewar kirki ban yi mata ba saboda sauri. Yau da na kwance ta sai na ga jan tabo kamar na shayi a cikin murfin da kan farantin, ya bi siffar rezar sak, ga kuma farin dusar da ruwan burtsatsenmu ke bari a jikin buta. Gabana ya faɗi, domin kayan aro ne, kuma mai ita mutum ne mai tsantseni da kayansa. Na fara tunanin nawa zan nema in sayi wata.

Da na natsu na duba rezar sai na ga ita ce ta yi tsatsa a gefunan ramukanta, ta shafa wa askar. Na jiƙa sassan a ruwan ɗumi da na matse lemun tsami a ciki na minti goma, na goge da tsohon buroshin haƙori da sabulun wanke kwano, tabon ya fita tas, ƙarfen ƙasa lafiya lau babu ko rami. Na ƙi amfani da soson ƙarfe, domin yakan bar ɓurɓushinsa a jiki su zama wata tsatsar. Abin da ke kare irin wannan ƙarfe wani siririn rufi ne da kuromiyam ke yi idan ya haɗu da iska, wanda ido ba ya gani, kuma yakan sake kansa idan an karce shi. Sai ƙarfe ya kai aƙalla kashi 10.5 na kuromiyam kafin a kira shi marar tsatsa. A Sheffield ta Ingila Harry Brearley ya gano haɗin a 1913, amma sai a 1962 kamfanin Wilkinson Sword ya sa rezar irin wannan ƙarfe ta karɓu a kasuwa. Kafin nan reza kan yi tsatsa cikin kwana ɗaya idan ba a shanya ta ba. Daga yau duk bayan aski zan kwance ƙota, in cire reza, in goge komai ya bushe.

6 ga Disamba

Na rage gashi da kilifa kawai, ban bari ta taɓa fata ba. Da na dawo daga masallaci na tsaya wajen tsohon wanzamin nan da ke zama a gindin dalbejiya, na cire hula na nuna masa ƙeyar. Ya shafa da babban yatsa ya ce, "Ɗana, gashin ƙeyarka ba ƙasa ya kwanta ba, gefe ya nufa. Kai kana ganin kana bin sa, alhali tare shi kake yi." Na koma gida na gwada da katin waya a kan gashin kwana goma sha huɗu, na tarar gaskiyarsa: daga tsakiyar ƙeya gashin ya rabu biyu, kowane ɓangare ya karkata wajen kunne. A ƙasan wuya kuma, daga maƙogwaro zuwa ƙasa, sama yake kallo. Ke nan duk askin da na rubuta a baya cewa na bi kwanciyar gashi, a waɗannan wurare gicciye ne ko saɓawa, kuma wannan ya bayyana ƙuraje biyun da na gani tun 8 ga Nuwamba. Na zana taswirar kan a bayan wannan littafi da kibiyoyi.

10 ga Disamba

Na dawo aski bayan kwana goma sha takwas, da Feather. Aikin hannunta ya fi na sauran kyau, ƙerar garin Seki na Japan ce, wanda ya yi suna da wuƙaƙe da takubba tun ɗaruruwan shekaru. Rezar ta ɓuya sosai a cikinta, har da farko na zaci ba ta yanka, domin na ja sau uku kumfa kawai take kwashewa. Sai da na ɗora murfin a kan fata na riƙa sauke ƙotar a hankali har na ji ƙarar yankan gashi, sannan na gane cewa kusurwar da take aiki a cikinta 'yar ƙarama ce, da an kauce kaɗan sai ta daina. A wuya, inda fata ke shimfiɗe, wannan alheri ne, alam bai yi zafi ko kaɗan ba. A kai kuwa, inda ake aski da lalube kuma ƙashi yana lanƙwasa kowane taku, na sha wahala, na bar tsibirai uku da sai da na koma musu. Askin ya ɗauke ni minti talatin da biyar maimakon ashirin.

13 ga Disamba

Feather karo na biyu. Babu ƙurji ko ɗaya daga askin baya. Hunturu ya kankama, fatar kai ta fara yin fari, don haka na fara shafa man kaɗe da daddare kafin ranar aski. Wannan ya ɓata mini kwatancen, tunda Game Changer ta yi nata gwajin ne kafin sanyi, kafin man kaɗe, kuma kafin in san taswirar gashina. Dole in maimaita ta.

17 ga Disamba

Na sa wa Feather rezar kamfaninsu, wadda ta fi Astra kaifi a fili. Tsibiran sun ragu zuwa ɗaya, kaushi bai dawo ba sai washegari da hantsi. Da alama an ƙera askar ne da wannan rezar a zuciya, sai dai kuɗin rezar ya ninka na Astra fiye da sau biyu, kuma ba a samunta a kusa.

20 ga Disamba

Na maimaita Game Changer da sabuwar taswira, zagaye biyu, ban miƙar da fata ba. Babu yanka, alam ya ɗan taɓa ƙeya kawai.

23 ga Disamba

Ƙurji ɗaya tak, a ƙasan muƙamuƙin hagu. Na zauna na jera abin da na rubuta. A tsakar kai Game Changer da R4 sun yi kunnen doki, duka suna ba ni kusan yini ɗaya da rabi kafin kaushi. A wuya Feather ce kaɗai ba ta bar mini ƙurji ko ɗaya ba, R3 tana biye da ita. R6 ban yi mata adalci ba, tunda na haɗa ta da saɓawa da jan fata a rana ɗaya, kuma ba zan sake gwadawa don in wanke ta ba. Ban ga wani wuri a kundin nan da zan ce ƙarfen kansa ne ya sa aski ya kwanta ko ya yi daɗi ba. Tsohuwar askata ta zamak, a ranakunta masu kyau, tana yin abin da R3 ta yi. Abin da ƙarfen ya ba ni shi ne nauyin da ya hana ni dannawa, da kuma abin da na gani shekaranjiya, lokacin da askata ta zame daga bakin baho ta daki tayil ɗin da ya kashe ta farko, na ɗauka na duba ƙusar da sandar kariya, babu abin da ya same su.

Da a ce aska ɗaya zan saya daga farko, da Rockwell zan ɗauka, saboda in yi kai da R4 in sauya faranti in yi wuya da R3, tunda suna jikin faranti daban-daban ne kawai kwancewar minti ɗaya ce. Amma na riga na sayi tawa, kuma kuɗin Feather ya kusa ninka nata sau uku, abin da ba zan iya kashewa a kan tafin hannu ɗaya na fatar wuya ba.

27 ga Disamba

Na mayar da kayan aro, kowace a wanke, a bushe, tare da reza goma-goma na godiya. Na gaya wa abokin aikina labarin tabon, ya juya murfin a hannu ya ce bai ga komai ba. Jimillar abin da na kashe, ban da askar da rezar da aka biya da dala, naira 7,800 ne, kuma fiye da kashi huɗu cikin biyar na asibiti ne.

Daga Janairu zan tsaya a kan Game Changer kaɗai, zagaye biyu a kai, ɗaya tak a wuya da ƙeya, ko da za a ji ɗan kaushi da yamma. Abin da zan riƙa sauyawa yanzu reza ce: Astra, Derby ta Turkiyya, Shark ta Masar, da Tiger da ake samu a kowane kanti, kowace aski huɗu, domin in ga a aski na nawa kowace ke fara jan gashi. Tabon ƙeya shida ne suka rage, zan riƙa ɗaukar hotonsu kowace Juma'a a haske ɗaya.